Tasirin Kafafen Sada Zumunta a Kan Zanga-Zanga da Sunayen Masu Yin Ta a Nijeriya, 2012 Zuwa 2024

1.0 Gabatarwa

Ranar 1 ga Nuwamba, 2024, aka gurfanar da mutum 76 a gaban Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, ana tuhumarsu da laifuffuka da suka haɗa da cin amanar ƙasa, saboda zanga-zangar da aka yi a watan Agusta na wannan shekara. Da yawa daga cikinsu yara ne ƙanana da aka kamo daga Kano da Kaduna da wasu garuruwan Arewa, sun kusa wata uku a tsare. Kafin a gama karanta tuhuma, huɗu daga cikinsu suka yanke jiki suka faɗi. Wasu da ke cikin kotun suka ɗauki hotunansu da wayar hannu suka watsa, kafin gari ya waye duk ƙasa ta ɗauka. Bayan kwana uku Shugaba Bola Tinubu ya ba da umurni a sake su.

Abin lura a nan shi ne, yaran da takardar tuhuma ta kira maciya amanar ƙasa, su ne dai jama'a suka kira 'ya'yan talakawa masu jin yunwa bayan sun ga hotunansu. Mutanen ba su sake ba, sunan ne ya sake, kuma sakewar sunan ita ta buɗe musu ƙofar kurkuku. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda kafafen sada zumunta, watau irin su Facebook da Twitter da WhatsApp da TikTok, suke aiki wajen tara jama'a domin zanga-zanga, da kuma yadda ake ƙulla sunan masu zanga-zangar a cikinsu: su wane ne suke cewa su ne, su wane ne kuma ake cewa su ne. Wannan batu ya shafi ɗalibin harshe kai tsaye, domin da kalmomi ake yin wannan kokawa tun kafin a kai ga fita titi.

2.0 Kafin Zuwan Waya

Tara jama'a a kan wata manufa ta siyasa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Lokacin da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, babban aikin da ta fara yi shi ne ɗaukar kalmar "talaka", wadda a da take nufin wanda ake mulka kurum, ta mayar da ita sunan da mutum zai amsa da ƙarfin zuciya. Malam Aminu Kano da abokan tafiyarsa sun yi wannan aiki ta hanyar lacca a filin kasuwa, da rubutattun waƙoƙi irin na Mudi Sipikin, da 'yan takardu da ake miƙawa hannu da hannu. Haka nan ɗalibai suka yi a zanga-zangar Afrilun 1978, wadda aka yi wa laƙabi da sunan Kwamishinan Ilimi na Tarayya na lokacin, Kanar Ahmadu Ali. Ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa ce ta yanke shawara, wakilai suka bi mota suka kai saƙo jami'a-jami'a.

A waɗannan lokuta akwai abubuwa biyu da ba sa rabuwa da gwagwarmaya. Na farko, akwai ƙungiya mai shugabanni sanannu, waɗanda hukuma za ta iya zama da su ko ta kama su. Na biyu, shiga ƙungiyar yana da tsada. Wanda ya yanki katin NEPU ya san yana iya fuskantar alƙali da bulala da gidan yari, kamar yadda Hajiya Gambo Sawaba ta sha fuskanta. Saboda haka sunan da mutum ya amsa yakan daɗe a jikinsa, domin ya biya shi da wahala.

Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001. An buɗe Facebook a 2004, Twitter a 2006, WhatsApp a 2009. Cikin 'yan shekaru kaɗan sai ya zamana saƙon da a da yake bukatar mota da kwanaki, yanzu yaro a Fagge zai aika da shi Maiduguri kafin ya kurɓe shayinsa.

3.0 Ayyukan da Kafafen Suke Yi wa Masu Zanga-Zanga

Aiki na farko shi ne nuna wa mutum cewa ba shi kaɗai ne abin yake damu ba. Mai jin haushin hukuma yakan yi shiru muddin yana zaton shi kaɗai ne. In ya ga dubbai sun faɗi abin da ke ransa, sai tsoro ya ragu. An ga haka a Masar, inda aka buɗe wani shafin Facebook da sunan Khalid Sa'id, saurayin da ya mutu a hannun 'yan sanda a Iskandariyya a 2010. Ma'anar sunan shafin ita ce dukanmu shi ne. Ta wannan shafi aka yi kiran fitowar 25 ga Janairu, 2011, wadda ta kai ga saukar Hosni Mubarak ranar 11 ga Fabrairu.

Aiki na biyu shi ne shirya fita: wuri, da lokaci, da inda jami'an tsaro suka tare hanya. Lokacin da gwamnatin Goodluck Jonathan ta janye tallafin man fetur ranar 1 ga Janairu, 2012, lita ta tashi daga naira 65 zuwa kimanin naira 141, matasa sun yi amfani da Twitter da Facebook da saƙonnin wayar BlackBerry suka fara fita tun kafin ƙungiyoyin ƙwadago su shiga yajin aiki ranar 9 ga wata. A Legas an taru a Ojota. A Kano an taru a dandalin Silver Jubilee, masu zanga-zangar suka raɗa masa sunan Dandalin 'Yanci don kwaikwayon dandalin Tahrir na Alƙahira, wanda suka sani ta waya da talabijin. Daga baya gwamnati ta sauko da lita zuwa naira 97.

Aiki na uku shi ne shaida. A da, in an yi harbi a wurin zanga-zanga, maganar hukuma ce take fita a rediyo da jarida. Yanzu kowane mai waya ɗan jarida ne. A daren 20 ga Oktoba, 2020, lokacin da sojoji suka buɗe wuta a mashigar Lekki a Legas, wata mai kiɗa da aka sani da DJ Switch ta watsa abin da ke faruwa kai tsaye ta Instagram. Da farko rundunar soja ta musanta cewa jami'anta sun je wurin, daga baya ta amsa sun je. Kwamitin bincike na Jihar Legas ƙarƙashin Mai Shari'a Doris Okuwobi ya ce a rahotonsa na Nuwamban 2021 kisan gilla aka yi, gwamnatin jihar kuma ta ƙi karɓar wannan ɓangare na rahoton. Duk da wannan saɓani, ba don hotunan ba da maganar ma ba ta kai gaban kwamiti ba.

Aiki na huɗu shi ne tara gudummawa. A zanga-zangar 2020 wata ƙungiyar mata matasa, Feminist Coalition, ta tara kuɗi ta intanet domin abinci da magani da lauyoyi, tana kuma bayyana lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita kowace rana. Da aka toshe mata hanyoyin banki sai ta koma karɓa ta Bitcoin.

4.0 Take da Suna

A waɗannan kafafe akwai ɗan gajeren zance da ake liƙa wa alamar # a gabansa, wanda duk mai danna shi zai ga abin da kowa ya rubuta a ƙarƙashinsa. A nan za mu kira shi take, domin aikinsa ya yi kama da taken da makaɗa suke yi wa sarki ko ɗan dambe: gajere ne, ana maimaita shi, kuma duk wanda ya amsa shi ya nuna ɓangaren da yake.

Misali mafi shahara shi ne #BringBackOurGirls, watau a dawo mana da 'yan matanmu. An sace ɗalibai 276 daga makarantar Chibok a daren 14 ga Afrilu, 2014. Wani lauya a Abuja, Ibrahim Abdullahi, shi ya fara rubuta taken a Twitter bayan ya ji jawabin Oby Ezekwesili, sa'an nan ita da Hadiza Bala Usman da wasu suka fara zaman dirshan a Unity Fountain. Ƙarfin wannan take yana cikin wakilin sunan nan na mallaka, watau "namu". Duk wanda ya rubuta shi ya mayar da kansa uba ko uwa ga yaran da bai taɓa gani ba, har matar shugaban Amurka na lokacin, Michelle Obama, ta ɗauki hoto riƙe da shi. Ta haka maganar wani ƙauye a kudancin Barno ta zama maganar duniya.

Amma take yana haɗawa yana kuma warewa. Duk taken da ya ce "mu", ya bar wasu a waje. Zanga-zangar #EndSARS ta nuna haka a fili. An kafa rundunar 'yan sanda ta SARS a 1992 domin yaƙi da fashi, aka daɗe ana zarginta da cin zarafi da kisa. Taken ya fara yawo tun 2017, amma sai a farkon Oktoban 2020 ya tashi da ƙarfi, bayan yaɗuwar wani bidiyo daga Ughelli a Jihar Delta. Saurayin da taken ya siffanta shi ne ɗan birni mai babbar waya da kwamfuta a jaka, wanda 'yan sanda suke tarewa su ce ɗan damfara ne. Matasan suka kira kansu da kalmomin Yarabanci "soro soke", watau ɗaga murya, kuma suka dage cewa ba su da shugaba. Sufeto Janar Mohammed Adamu ya rusa rundunar ranar 11 ga Oktoba, amma ba su bar titi ba.

A Arewa kuwa wannan siffa ba ta dace da yawancin matasa ba. Manomin Zamfara ko Katsina ba ɗan sanda ne yake hana shi barci ba, rashin ɗan sanda ne. Gwamnonin Arewa, ƙarƙashin Simon Lalong, sun fito sun ce su ba su goyi bayan rusa rundunar ba. Matasan Arewa da suka fito sai suka ƙirƙiri nasu take, irin su #SecureNorth da #EndInsecurityNow, suna neman a kawo ƙarshen kashe-kashe da satar mutane. A Disamban 2021 kuma, bayan 'yan bindiga sun ƙone fasinjoji fiye da 20 cikin mota a yankin Sabon Birni na Jihar Sakkwato, aka fito da #NorthIsBleeding, watau Arewa tana zubar da jini. Ƙasa ɗaya, zamani ɗaya, amma "mu" biyu, kowane da abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya.

Wani abin da ya kamata ɗalibin Hausa ya lura da shi shi ne, kusan duk waɗannan take da Turanci aka yi su, har da na Arewa. Dalili kuwa shi ne, masu yin su suna so a ji su a Abuja da Landan da Washington. Sai dai harshen da aka zaɓa domin na nesa su ji, shi ne kuma ya hana na kusa amsawa.

5.0 Agustan 2024: Taken Waya da Taken Titi

Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Tinubu ya sanar da ƙarewar tallafin man fetur, aka kuma saki darajar naira, farashin abinci ya yi tashin gwauron zabi. Aka sa ranakun 1 zuwa 10 ga Agusta, 2024 domin zanga-zanga da taken #EndBadGovernance. Wannan karon Arewa ce ta fi fitowa, kuma hanyar da kiran ya bi ta bambanta da ta 2020. Twitter, wadda aka sake wa suna X a 2023, wurin masu ilimin boko ne da rubutu. TikTok da Facebook da saƙon murya na WhatsApp kuwa ba sa bukatar mutum ya iya karatu. Magana ce da Hausa, daga baki zuwa kunne. Ta nan ne muhawara ta yi zafi tsakanin malaman addini da suka yi huɗuba suna hana fita, da matasan da suka riƙa mayar musu da martani, abin da ba a saba gani a fili ba a ƙasar Hausa.

Da ranar ta zo, jama'a ba su kira abin da sunansa na Turanci ba. Sun ce zanga-zangar yunwa, ko zanga-zangar tsadar rayuwa, kuma abin da ya fi fita daga bakinsu a titi shi ne "ba ma yi". Waɗanda suka cika titunan Kano da Kaduna da Katsina da Gusau ba su ne masu rubutu a waya ba. Akasarinsu yara ne da samari marasa aikin yi, wasu ko takalmi babu. Ba su da jagora, ba su da jerin bukatu a rubuce kamar bukatu biyar na 2020, ba su da lauyoyi da ke jiran kira. A Kano aka fasa wata cibiyar fasaha ta Hukumar Sadarwa ta Ƙasa aka kwashe kaya, aka sa dokar hana fita. Ƙungiyar Amnesty International ta ce an kashe aƙalla mutum 24 a wannan zanga-zanga, 'yan sanda kuma suka musanta.

Sa'an nan sai ga tutar Rasha a hannun wasu masu zanga-zangar. Wannan alama ta riga ta yi yawo a wayoyin Hausawa tun bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, lokacin da aka ga jama'a a Yamai suna ɗaga ta. Ga wasu yaran, tutar tana nufin mun gaji kurum. Ga hukuma kuwa tana nufin kiran baƙi su kifar da gwamnati, har Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Christopher Musa, ya ce cin amanar ƙasa ne, aka kuma kama teloli da ake zargi da ɗinka ta. Ofishin jakadancin Rasha ya ce ba shi da hannu. Da yake babu shugaban da zai fito ya ce ga abin da muke nufi, sai hoton tutar ya yi magana a madadinsu, kuma fassarar masu ƙarfi ce ta tsaya. Nan take sunan ya tashi daga masu zanga-zanga ya koma ɓata-gari da 'yan daba da zauna-gari-banza, daga nan ya kai ga maciya amanar ƙasa.

Wannan shi ne raunin zanga-zangar da ba ta da kai. Rashin shugaba yana hana hukuma saye ko kama mutum ɗaya ta kashe maganar, amma kuma yana hana masu zanga-zangar tsare sunansu. Duk wanda ya fi ɗaukar ido a hoto, shi ne zai zama fuskarsu, ko da kuwa shi ne mafi ƙaranci a cikinsu. Wani lokaci hoton yakan yi musu rana, kamar na Aisha Yesufu sanye da hijabi ta ɗaga hannu a Abuja a 2020, wanda ya karya zancen cewa tafiyar ta 'yan Kudu ce kaɗai. Wani lokaci kuma yakan zame musu igiyar wuya.

6.0 Waya Ba Mafaka Ba Ce

Da yawa daga cikinmu muna zaton wanda ya yi rubutu a ɗakinsa ya tsira. Ba haka abin yake ba. Kowane layin waya a Nijeriya an yi masa rajista da suna da hoto, an kuma haɗa shi da lambar shaidar ɗan ƙasa, saboda haka rubutun da ya tara jama'a shi ne kuma yake nuna inda mai shi yake. An yi amfani da sashe na 24 na dokar laifuffukan intanet ta 2015 wajen gurfanar da 'yan jarida da masu suka, kafin a yi mata gyara a 2024. A Nuwamban 2020 Babban Bankin Nijeriya ya sami izinin kotu ya rufe asusun banki 20 na waɗanda ake dangantawa da #EndSARS. A Nuwamban 2022 aka kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse saboda rubutun da ya yi a Twitter game da matar shugaban ƙasa na lokacin, sai da ɗalibai suka yi barazanar fita sa'an nan aka janye ƙarar. Abubakar Idris, wanda aka fi sani da Dadiyata, malamin jami'a mai sukar 'yan siyasa a Twitter, wasu mutane ne suka ɗauke shi a gidansa a Kaduna a farkon Agustan 2019.

Har ila yau, dandalin ba namu ba ne. Gwamnati ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa 13 ga Janairu, 2022, bayan kamfanin ya goge wani rubutu na Shugaba Muhammadu Buhari. A Satumban 2021 aka katse layukan waya gaba ɗaya a Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Kamfanonin kuma 'yan kasuwa ne. Abin da ya fi riƙe idon mutum shi suke turo masa, kuma zancen da ya fi tayar da hankali ya fi zancen gaskiya saurin tafiya. Shi ya sa a kowace zanga-zanga ake samun tsofaffin hotuna na wata ƙasa ana cewa na jiya ne, da kuma 'yan koren 'yan siyasa da ake biya su juya take.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa kafafen sada zumunta sun sauƙaƙa tara jama'a, sun ba mai rauni hanyar kafa shaida, sun kuma sa raɗa suna ya zama aikin sa'o'i kaɗan. Amma sunan da aka samu da sauƙi, da sauƙi ake ƙwace shi. NEPU ta yi shekaru tana gina kalmar talaka a kan ƙungiya da karantarwa, shi ya sa kalmar ta rayu bayan jam'iyyar. Yaran Agustan 2024 kuwa an ba su sunaye kala-kala cikin wata uku, babu ko ɗaya da suka zaɓa da kansu, kuma da wayar da ke cikin kotun ba ta ɗauki faɗuwarsu ba, da beli na naira miliyan 10 kowane ɗaya da aka yanka musu ya ishe su zama.

Akwai aiki a nan ga sashen Hausa. Saƙonnin murya da bidiyo da take da habaice-habaicen da aka yi a waɗannan shekaru adabin baka ne na zamaninmu, kuma suna ɓacewa da zarar an sake waya ko an rufe shafi. Ya kamata a tattara su, a rubuta su, a nazarci yadda kalmomi irin su talaka da matashi da ɗan Arewa da ɓata-gari suke sake ma'ana daga baki zuwa baki, kamar yadda magabatanmu suka yi wa waƙoƙin siyasa na Jamhuriya ta Farko. In ba mu yi ba, masu zuwa bayanmu za su san yaran nan ne da sunan da takardar tuhuma ta ba su kurum.